Tambayoyi da Amsoshi Kan Koyon Sauraron Rap da Sauran Kiɗan da Kunne Bai Saba da Shi Ba

Akwai mutane da dama, musamman waɗanda suka taso da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da na fina-finan Indiya, waɗanda idan aka kunna musu rap, wato gambarar zamani, ba sa jin komai sai hayaniya. Wasunsu suna so su gane abin da 'ya'yansu da ƙannensu suke ji a ciki, kuma tambayoyin da ke tafe irin nasu ne. Mafi yawan bayanin a kan rap yake, domin shi ne ya cika wayoyin matasa a yau, amma an taɓo jazz da kiɗan Turai na dauri da waƙar Larabawa da ta Indiyawa, tun da abin da ke hana kunne shiga ɗaya ne a dukkansu.

Me ya sa nake jin rap kamar surutu ne kawai aka ɗora a kan ganga?

Saboda kunnenka yana neman gwaninta a inda ya saba samun ta, alhali a wannan salon wani wuri dabam aka ajiye ta. Wanda ya taso da waƙar Hausa ya saba da abu biyu: rerawa, wato hawa da saukar murya a kan kari mai daɗi, da kuma amshi da ke dawowa a kai a kai har ya zauna a baki. Da su yake auna mawaƙi, kuma idan ya rasa su sai ya yanke hukunci cewa babu waƙa a wurin.

Masu rap sun rage rerawa da gangan. Mawaƙin magana yake yi, amma magana mai awo, wadda kowace gaɓa a cikinta take da gurbin da za ta faɗa tsakanin bugu da bugu. Muryarsa tana aiki ne a matsayin ganga ta biyu da ke wasa da ta farko: wani lokaci ta bi ta sau da ƙafa, wani lokaci ta riga ta, wani lokaci kuma ta yi jinkiri kaɗan ta faɗo a bayanta. Baƙon da ya je gidan dambe karon farko hannu kawai yake kallo yana jiran a kai naushi, shi kuwa wanda ya san wasan ƙafafu yake kallo da yadda ɗan dambe ke auna tazara. Mai jiran rerawa a rap yana cikin halin wancan baƙon ne.

Daga ina abin ya faro, kuma sanin tarihinsa yana da wani amfani ga mai sauraro?

Yana da amfani sosai, domin tarihin ne ke bayyana dalilin da ya sa ganga ta zama uwa a wannan kiɗa. A shekarun 1970 unguwar Bronx da ke birnin Niyok a Amurka tana cikin mummunan hali. Masana'antu sun tashi, gwamnatin birnin ta kusa tsiyacewa a 1975, gobara kuma ta cinye gidaje masu yawa, wasu ma masu gidajen ne ke sa a cinna musu wuta don su karɓi kuɗin inshora. Mazauna wurin galibi baƙaƙen fata ne da 'yan asalin tsibiran Karibiyan, kuma matasansu ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa ko shiga makarantar koyon sa. Abin da suke da shi shi ne faya-fayan garmaho na iyayensu da lasifika.

A ranar 11 ga Agusta, 1973, wani saurayi haifaffen Jamaika mai suna Clive Campbell, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, ya yi kiɗa a wani ɗakin taro a gida mai lamba 1520 da ke titin Sedgwick, a wani biki da 'yar'uwarsa ta shirya don ta tara kuɗin tufafin komawa makaranta. Wannan rana ce ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar hip-hop, wato al'adar kiɗa da rawa da rap ya fito daga cikinta. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai wurin da mawaƙi da sauran kayan kiɗa suka yi shiru aka bar ganga ita kaɗai, wurin da ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Sai ya riƙa ajiye faifai iri ɗaya guda biyu a kan na'urori biyu. Idan guntun gangar ya ƙare a faifai na farko sai ya saki na biyu, kafin na biyun ya ƙare ya mayar da allurar na farko baya, haka haka har 'yan daƙiƙoƙin nan su zama mintuna. A kan wannan ganga da ba ta yankewa ne wani zai ɗauki makirfo yana kiran sunayen abokai, yana zuga masu rawa, yana jefa kalmomi masu amsa juna. Daga wannan zuga aka samu rap. Faifan farko da ya fitar da shi duniya, Rapper's Delight, ya fito a 1979, a 1982 kuma waƙar The Message ta nuna cewa ana iya ɗaukar wannan salo a kwatanta talauci da ƙuncin unguwa da shi.

To, me takamaimai zan riƙa saurare?

Ka fara da ƙirga. Kusan kowace waƙar rap a kan bugu huɗu take tafiya, ana zagayowa ana maimaitawa. Babbar ganga mai kaurin amo takan faɗo a na ɗaya da kusa da na uku, ƙaramar mai kaifin sauti, wadda ke ƙara kamar tafi, a na biyu da na huɗu. Ka sa waƙa, ka manta da mawaƙin gaba ɗaya, ka riƙa buga yatsa a cinya kana cewa ɗaya, biyu, uku, huɗu, har sai ka tabbata ba ka ɓata. Kowane zagaye na huɗun nan layi ɗaya ne, kuma a al'ada layi 16 ke yin baiti kafin amshi ya shigo.

Idan ƙirgan ya zauna, sai ka dawo da kunnenka kan muryar. A waƙoƙin farko-farko abin a fili yake, domin amsa-amo yana faɗowa ne a bugu na huɗu, a ƙarshen layi, kamar yadda rubutacciyar waƙar Hausa take riƙe harafi ɗaya a ƙarshen kowane baiti. Daga tsakiyar shekarun 1980, musamman bayan fitowar Rakim, wanda kundinsa na farko tare da Eric B. ya fito a 1987, sai mawaƙa suka shiga cusa amsa-amo a tsakiyar layi, suna kuma haɗa gaɓoɓi biyu ko uku ko fiye su amsa juna a lokaci guda. Ga misali da Hausa don a ji yadda abin yake: "Mai gida na jiran kuɗin haya, ni ko ina tafe cikin ƙaya." Amsa-amon bai tsaya a "ya" ta ƙarshe ba, "ɗin haya" gaba ɗaya ce ke amsa "kin ƙaya". Gwani zai iya riƙe irin wannan sarƙa layi takwas a jere, yana sauya wurin da take faɗowa a kan ganga, kuma duk da haka labarin da yake bayarwa bai karkace ba. Wannan aiki ne mai wuya, kuma duk wanda ya taɓa gwada tsara ƙwar biyar da amsa-amon ciki da na waje ya san haka.

Abu na uku shi ne numfashi. Ka lura da inda mawaƙi yake tsayawa ya shaƙi iska, da inda yake ƙin tsayawa ya tsallaka da jimla zuwa layi na gaba, da inda yake barin bugu guda fanko don kalmar da ta gabata ta nutse. A ganina nan ne ake bambance gwani da mai koyo fiye da ko'ina. Saurin baki yana burge sabon mai sauraro, amma sauri kaɗai ba ya nuna ƙwarewa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake girmamawa a wannan fage a natse suke zuba kalmominsu.

Ba na jin irin Turancin da suke yi. Ba ɓata lokaci nake ba?

Turancin rap na Amurka cike yake da zaurancen unguwa da sunayen wurare da habaicin da ko Baturen Ingila sai an fassara masa, saboda haka rashin fahimtarsa ba abin kunya ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara da rap na Hausa, inda ma'ana ba za ta wahalar da kai ba, sai ka sa hankalinka duka a kan awo. Akwai ClassiQ da B.O.C Madaki daga Bauchi, da DJ AB daga Kaduna, da Morell daga Borno, a Yamai kuma ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskiya sun daɗe suna gauraya Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Bayan haka ka gwada akasinsa, ka saurari wanda ba ka jin ko kalma ɗaya a harshensa, kamar Sarkodie na Ghana da ke yi da harshen Twi. Da yake babu ma'anar da za ta ɗauke maka hankali, za ka ji muryar a matsayin ganga tsantsa.

Wasu na cewa rap gambararmu ce ta je Amurka ta dawo. Gaskiya ne?

Kamannin suna nan, kuma ba ƙanana ba ne. 'Yan gambara suna magana mai awo a kan kiɗa, ɗaya ya jefa ɗaya ya cafe, da barkwanci da baki mai kaifi. Kirarin ɗan dambe ko na mafarauci yabon kai ne da razana abokin karo, wanda shi ne ginshiƙin baitocin rap masu yawa. Zambo da habaicin da makaɗan fada ke yi wa abokan hamayyar ubangidansu ba su da nisa da gasar da masu rap ke yi ta kayar da juna da baki a gaban jama'a. Bahaushe yana da kunnen wannan abu tun asali, ko da bai lura ba.

Amma cewa daga gambara rap ya fito kai tsaye magana ce da ba ta da hujja. Magabatansa na kusa sanannu ne: masu zuga a kan faifai a wuraren rawa na Jamaika, da wasan zage-zage na raha da samarin baƙaƙen Amurka ke yi a bakin titi, da salon wa'azin limaman cocinsu, da mawaƙan siyasa irin su Last Poets da suka taso a Harlem a 1968, har da kirarin da ɗan dambe Muhammad Ali ke yi wa kansa kafin ya hau fage. Waɗannan al'adu suna da jijiya a Afirka ta hanyar bayin da aka kwashe, sai dai ƙarnuka sun shiga tsakani, kuma mutanen Bronx sun cancanci a bar musu abin da suka ƙirƙira.

Ashar da batsa da fahariyar kuɗi da bindiga fa? Ta yaya mai mutunci zai saurari wannan?

Wannan ƙorafi gaskiya ne kuma bai kamata a share shi ba. Akwai waƙoƙin rap masu ɗimbin yawa da ke wulaƙanta mata, suna ƙawata shaye-shaye da kisa, kuma tun daga ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin faifai suka gano cewa irin wannan yana sayuwa, suka zuba masa kuɗi. Abin bai tsaya a baki ba: cikin manyan mawaƙan rap an harbe Tupac Shakur a 1996, aka harbe Notorious B.I.G. a 1997, dukansu ba su kai shekara 26 ba. Su kansu baƙaƙen Amurka ba su yi shiru ba. 'Yar gwagwarmaya C. Delores Tucker ta shafe shekaru tana yaƙar kamfanonin da ke sayar da irin waɗannan waƙoƙi, kuma a cikin mawaƙan ma Queen Latifah ta fitar da waƙa a 1993 tana tsawatar wa masu kiran mata da sunayen banza, ta kuma ci kyautar Grammy da ita. Babu wanda ya wajaba ya saurari abin da ke ƙazanta masa zuciya da sunan faɗaɗa sani.

Abin da nake jayayya da shi shi ne ɗaukar wannan ɓangare a ce shi ne duka. A Senegal, a watan Janairun 2011, mawaƙan rap na ƙungiyar Keur Gui daga Kaolack tare da wasu 'yan jarida suka kafa ƙungiyar Y'en a marre saboda gajiya da ɗauke wutar lantarki, suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yankar katin zaɓe, kuma suna cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan yunƙurin shugaban ƙasa Abdoulaye Wade na yin wa'adi na uku har ya sha kaye a 2012. A Burkina Faso mawaƙin rap Smockey yana cikin jagororin Balai Citoyen, ƙungiyar da ta taka rawa a boren da ya kawar da shugaban ƙasa Blaise Compaoré a 2014. A Nijeriya, Eedris Abdulkareem, haifaffen Kano, ya fitar da Jaga Jaga a 2004 a kan lalacewar al'amuran ƙasa, waƙar da ta fusata shugaban ƙasa na lokacin, Olusegun Obasanjo. A 2018 kuma aka ba mawaƙin rap na Amurka Kendrick Lamar babbar kyautar Pulitzer ta kiɗa, karo na farko da ta je hannun wanda ba mai jazz ko kiɗan Turai na dauri ba. Ya kamata kuma a riƙa bambance mawaƙin da ke ba da labarin ɓarna don a ga muninta da wanda ke tallata ta, kuma wannan bambanci ba ya fitowa sai an saurari baiti daga farko har ƙarshe. Ga mai gudun ashar, yawancin waƙoƙin da suka shahara suna da kwafin da aka tace don gidajen rediyo.

Na ji an ce suna yanko kiɗan wasu su ɗora nasu a kai. Wannan ba sata ba ce?

Wani lokaci sata ce, kuma kotu ta faɗi haka. A 1991 wani alƙali a Niyok ya yanke hukunci a kan mawaƙin rap Biz Markie saboda ya yi amfani da guntun waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, kuma tun daga nan ya zama dole a nemi izini a biya kafin a fitar da faifai. Akwai ma zaluncin da doka ba ta gyara ba. Clyde Stubblefield, makaɗin gangar James Brown, ya buga wani ɗan guntun kiɗa a waƙar Funky Drummer da ta fito a 1970, aka yanke shi aka sa a ɗaruruwan waƙoƙi, shi kuwa bai samu rabo daga ribar ba domin ba a rubuta sunansa cikin masu waƙar ba.

Duk da haka aikin kansa sana'a ce. Mai haɗa kiɗa yakan saurari tsofaffin faya-fayai masu yawa kafin ya tsinci daƙiƙa uku da suka dace, ya rage musu sauri ko ya ƙara, ya daddatsa su ya sake jerawa, har mai asalin kiɗan ya ji bai gane nasa ba. Idan ka nemo tsohuwar waƙar da aka yanko ka saurare ta gefe da gefe da sabuwar, za ka ji wa ya yi aiki, wa kuma ya kwafa kawai.

Sau nawa zan saurari abu kafin in san ko ina son sa?

Babu adadi, amma sau ɗaya ya yi kaɗan. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan haɗuwa da abu yana ƙara wa mutum son sa, kuma kiɗa yana bin wannan ƙa'ida, domin daɗinsa yana zuwa ne idan kunne ya fara hasashen abin da ke tafe. Gara ka zaɓi waƙa biyu ko uku ka yi ta komawa gare su a ranaku dabam-dabam da ka bi ta kan hamsin a dare ɗaya. Ka kuma guji lasifikar waya, domin ba ta fitar da amo mai kauri, wanda shi ne rabin kiɗan.

Kiɗan da babu waƙa a cikinsa, kamar jazz da na Turawan dauri, me ake ji a ciki?

Wannan ya fi rap wuya ga Bahaushe, domin a wurinmu kiɗa yana tafiya ne da magana, har kalangu da kakaki ma magana suke yi ga wanda ya san take. A jazz, wanda ya taso a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, tsarin da aka fi bi shi ne makaɗa su buga karin waƙar tare sau ɗaya ko biyu, sannan kowannensu ya karɓa shi kaɗai yana ƙirƙirar sabon kari nan take a kan ginshiƙin na farko, a ƙarshe su dawo su rufe da abin da suka buɗe da shi. Dabarar ita ce ka riƙe karin farkon a zuciyarka kana rera shi a ɓoye yayin da mai busa ke yawo, sai ka ji inda ya nisance shi da inda ya komo. Kundin Kind of Blue na Miles Davis, na 1959, ya dace da mai farawa saboda a hankali yake tafiya.

Kiɗan Turai na dauri kuwa a rubuce yake tun kafin a buga shi, kuma gwanintarsa tana cikin yadda ake ɗaukar ƙaramin abu a gina babba da shi. Simfoni ta biyar ta Beethoven, wato dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa, wadda aka fara bugawa a Viyana a 1808, tana buɗewa da sauti huɗu, uku gajeru ɗaya dogo. Idan ka bi waɗannan huɗun kaɗai cikin mintuna bakwai na kashin farko, za ka ji su suna komawa daga masu goge zuwa masu busa, suna hawa suna sauka, wani lokaci da ƙarfi wani lokaci kamar raɗa, kuma kusan duk kashin da su aka gina shi.

Na saba da waƙoƙin fina-finan Indiya da ƙasidun Larabci, amma Ummu Kulsum da kiɗan gargajiyar Indiya suna gundurata. Me ya sa?

Tsawo ne da jinkiri. Waƙar fim minti biyar ce, ita kuwa Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, takan kai awa guda a kan waƙa ɗaya a bikin da rediyo ke watsawa ranar Alhamis ta farkon kowane wata. Takan maimaita ɗango guda sau da yawa, jama'a na kururuwa suna neman ta sake, kuma sabon mai sauraro yakan ɗauka abu ɗaya take nanatawa. Kowane maimaici da irin lanƙwasarsa: ta ja wata gaɓa, ta sauya kalmar da ta danna, ta zame zuwa wani maƙami, wato wani jerin sautuka da ake gina kari a kansa, ta dawo. Akwai kuma sautuka a maƙaman Larabawa da ke faɗowa tsakanin maɓallan fiyano biyu, waɗanda kunnen da bai saba ba yake ji kamar kuskure. Wanda ya saba sauraron ƙira'ar Misirawa ya riga ya san waɗannan sautuka.

A kiɗan gargajiyar arewacin Indiya, makaɗi yakan fara da doguwar shimfiɗa ba tare da ganga ba, yana gabatar da sautukan raga, wato jerin sautukan da zai gina kiɗan a kansu, ɗaya bayan ɗaya, kafin mai gangar tabla ya shigo. Zagayen da aka fi amfani da shi bugu 16 ne, kuma abin da masu sauraro ke jira shi ne lokacin da makaɗan biyu, bayan kowa ya yi nasa yawon, za su faɗo tare a kan bugu na farko.

Ina matsayin addini a duk wannan?

Nan ba wurin fatawa ba ne. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa: da yawa sun hana kayan kiɗa in ban da mandiri, wasu kamar Imam Gazali da Ibn Hazm sun sassauta, kowa kuma ya koma ga malamin da ya amince da iliminsa. Abin lura kawai shi ne rap yana iya tsayawa da murya zalla, kuma akwai ƙungiyoyin Musulmi a Amurka, irin su Native Deen, da suka taƙaita a kan murya da ganga.

Idan na yi duk wannan kuma har yanzu ban ji daɗinsa ba fa?

Hakan na faruwa, kuma ba laifi ba ne. Mutum yana iya gane cewa baiti ya tsaru, ya ga inda amsa-amo ya faɗo da inda mawaƙi ya yi dabara, amma zuciyarsa ba ta motsa ba. Kafin ka rufe babin dai, ka tabbata ba reshe ɗaya ka ɗanɗana ba, domin rap na Niyok na shekarun 1990 mai nauyin kalmomi ya sha bamban da na Atlanta na yau mai nauyin ganga da rerawa, dukansu kuma sun bambanta da na Dakar ko na Jos, garin da ya fitar da mawaƙan rap M.I da Ice Prince. Wanda rerawa ce ke riƙe shi zai iya gwada kundin Lauryn Hill na 1998, inda take rera wasu wurare ta yi rap a wasu. Idan kana da ɗa ko ƙane mai sauraro, ka ce ya zaɓo maka baiti ɗaya da yake ganin babu kamarsa, ku saurare shi tare, ya tsayar da waƙar a duk inda yake so ka lura da wani abu, kai kuma ka tambaye shi abin da mawaƙin yake nufi da kowane layi.